Aiki daga Kubwa: gidan kofi na cikin gari ko wurin zama a unguwa?

'Yar'uwa, tambayarki ke nan a taƙaice: kina zaune a Kubwa, a bayan garin Abuja, kina yi wa wani kamfani na ƙasar waje aiki ta intanet, wutar gidanku ba ta tsayawa, ga hayaniyar yara, kuma wasu ranaku kina da taron bidiyo. Shin ki riƙa shiga Wuse 2 kullum ki zauna a gidan kofi, ko akwai inda zai yi miki a nan kusa? Ba zan ba ki sunan shago ba, domin irin waɗannan wurare halinsu na sauyawa da sauyin manaja, wanda ya yi kyau a bara sai ki tarar bana janaretansa ya mutu. Gara ki san abin da za ki duba, sai ki auna kowane wuri da kanki.

Wuraren da ke gabanki iri huɗu ne: gidajen kofi na cikin gari, wato Wuse 2 da Maitama da Jabi, gidajen abinci na zamani da ke Kubwa, irin na titin Gado Nasko da kewayensa, falon otal, sai ofisoshin da ake hayar kujera da tebur na yini ko na wata. Gwarimpa na tsakiya, zan zo kanta.

Mu fara da wuta, don ita ce uwar komai. Tun watan Afrilun 2024 NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta ɗaga kuɗin wutar layin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowace yunit, bisa sharaɗin a ba shi aƙalla awa 20 a rana, kodayake an ɗan rage farashin daga baya. Band B awa 16 ne, C awa 12, D awa 8, E kuwa 4. Wannan rabo bai bi sunan unguwa ba, layin da ke kawo wuta ake bi, shi ya sa a Kubwa ɗaya za ki ga wani titi da haske dare da rana, na bayansa kuwa sai an yi sa'a. Gidan kofi na cikin gari ya fi yiwuwa ya kasance a kan layi mai ƙarfi, kuma yawanci yana da abin da zai karɓa idan AEDC, kamfanin da ke raba wuta a Abuja, ta ɗauke. Gidan abinci na Kubwa ma ba ya rasa janareta, tunda yana da firiji da kaza da zai kare. Amma ga inda suka rabu, kuma mutane da yawa ba sa lura: me ke faruwa a daidai lokacin da aka ɗauke wuta? Idan wurin na da inbata, wato na'urar da ke ba da wuta daga batir idan an ɗauke, ba za ki ma sani ba. Idan janareta kaɗai gare su, sai an je an tayar an juya layi, na'urar wayifai ta mutu ta sake tashi, minti biyu ko uku sun tafi. Kwamfutarki na da batir, ba za ta mutu ba, amma kin faɗi daga taro a tsakiyar magana. Saboda haka kada ki tambaya "kuna da wuta?", kowa zai ce e. Ki tambaya ko na'urar intanet ɗinsu a kan inbata take. Wanda ya gane tambayar ya amsa kai tsaye, alama ce mai kyau.

Akwai kuma batun da ya taso tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur. Ƙananan wurare da yawa a bayan gari ba sa kunna janareta sai lokacin da ciniki ya kankama, ko su kunna ƙarami wanda ba ya ɗaukar esi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja ya kai maƙura, zama awa biyar a ɗakin gilashi ba esi wahala ce gare ki, kwamfutar ma tana zafi ta rage gudu. A nan otal ya fi gidan abinci, domin otal mai baƙi dole ya riƙe wuta, ko da falon babu kowa.

Sai intanet. A nan shawarata ɗaya ce ko'ina za ki zauna: ki ɗauki wayifan wuri a matsayin ƙari, ki dogara da naki. Gidajen kofi na cikin gari kusan duk suna bayar da shi, wasu da faiba, wato wayar intanet da ake binnewa a ƙasa, wasu da Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Da safe yana gudu. Idan rana ta yi, mutum ashirin sun hau kansa, wani na kallon bidiyo wani na sauke fayil, sai ya fara ja da baya. Starlink kuma yakan yanke idan an yi ruwa mai ƙarfi, damina a Abuja kuwa daga wajen Afrilu ce har Oktoba. Faiba ba ruwanta da hadari, amma masu aikin titi kan tsinke ta. Gidajen abinci na Kubwa da yawa ba su da wayifai na baƙi sam, ko suna da shi an manta ba a sabunta ba. Wannan bai kashe su ba, muddin sabis ɗin waya na da ƙarfi a wurin. MTN ta fara 5G a 2022, Abuja na cikin biranen farko, Airtel ta biyo baya a 2023, amma ƙarfinsa ya fi a cikin gari, a Kubwa kuma ya danganta da kusancinki da eriya. Gini mai kauri kan cinye sabis, kujerar bakin taga ta fi ta lungu.

Idan kin je gwada wuri, ki buɗe Speedtest, manhajar auna gudun intanet, a wayarki, kada ki tsaya a lambar saukewa kawai. Taron bidiyo lambar turawa yake ci, domin hotonki da muryarki fita suke yi. Idan turawar na kai megabit 3 zuwa 4 kuma ba ta tsalle sama da ƙasa, Zoom zai yi miki lafiya. Ki yi gwajin a sa'ar da kike aiki, sakamakon ƙarfe tara na safe ba shi ne na ƙarfe huɗu na yamma ba. Ki riƙe layi biyu na kamfanoni daban. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ba kowane kamfani abin ya shafa daidai ba, masu layi biyu sun fi samun sauƙi. Ki kuma sa kuɗin data cikin lissafi: taron bidiyo na awa guda kan ci kusan gigabayit ɗaya, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari.

Shiru shi ne inda gidan abinci na unguwa ya fi faɗuwa. An gina shi ne don a ci a tashi. Akwai talabijin a bango, akwai kiɗa, ƙarfe ɗaya zuwa uku na rana wurin cike yake, Asabar ana bikin ranar haihuwar yara ko kallon ƙwallo, Lahadi masu tasowa daga coci. Amma daga buɗewa zuwa wajen sha biyu, Litinin zuwa Alhamis, sau da yawa wurin fayau yake, musamman idan yana da bene. Don rubutu, lissafi, amsa saƙonni, ya wadatar ƙwarai. Gidan kofi na cikin gari ya saba da masu kwamfuta, ba wanda zai kalle ki, soket ma sun fi yawa, amma shi ma ba shiru ne na taro ba: injin niƙa kofi na ƙara, kiɗa na tashi, maƙwabcinki na waya da ƙarfi. Idan maganar da za ki yi ta shafi sirrin kamfani ko kuɗin abokin ciniki, duka biyun ba su dace ba. Falon otal ya fi su shiru da rana, ofishin haya kuma shi ne kaɗai da za ki iya samun ɗaki mai ƙofa.

Yanzu ga abin da ya fi auna mini nauyi, wato hanya. Daga Kubwa zuwa Wuse 2 ya kai kilomita 20. Idan titi a sake yake, ba wata tafiya ba ce. Amma duk ma'aikatan Kubwa da Dutsen Alhaji da Bwari da Dei-Dei hanya ɗaya suke bi da safe, hanya ɗaya suke dawowa da yamma, kuma kin san yadda babban titin ke zama a waɗannan sa'o'i. Ki haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, da abin da za ki saya a gidan kofi, wanda farashinsa na Wuse 2 ne, ki ninka da ranakun aiki na wata. A mafi yawan lokuta za ki ga ya kai ko ya wuce kuɗin kujerar wata a ofishin haya, ban da gajiya. Amfanin aiki daga nesa shi ne a huta da wannan hanyar, bai kamata ki sayo ta da kuɗinki ba.

Lokacin aikinki ma na da faɗa a ciki, kuma ba ki ce wace ƙasa kamfanin yake ba. Idan Ingila ne, agogonmu ɗaya da nasu a lokacin zafinsu, a hunturu muna gaba da awa ɗaya, don haka za ki tashi kafin dare ya yi nisa. Idan gabashin Amurka ne, ƙarfe tara na safensu ƙarfe biyu ne ko uku na rana a nan, aikin zai kai ki goman dare. Wannan ya cire cikin gari daga lissafi kwata-kwata. Mace ita kaɗai, da jakar kwamfuta, tana neman mota a bakin titi da dare a Abuja, inda matsalar 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya, ba ɓoyayya ba ce, ba zan ba ƙanwata wannan shawara ba, ke ma ba zan ba ki ba. Mai aikin dare gara ta zuba kuɗin a gida.

Tunda na ambaci gida, bari in faɗi wannan ko da ba shi kika tambaya ba. Kwamfutar hannu ba ta cin wuta sosai, caja mai wat 45 zuwa 65 ke riƙe yawancinsu, na'urar wayifai kuwa ƙasa da haka nesa. Ƙaramar inbata da batir, ko da faifan sola ɗaya ko biyu, za su riƙe kwamfuta da fanka da fitila tsawon aikinki. Abin da sola ba ta magancewa shi ne yara, wannan kuwa sai zama da mutanen gida a tsara sa'o'i.

Falon otal na buƙatar magana ta gaskiya tsakaninmu. Ta fuskar wuta da shiru da banɗaki, a Kubwa kusan ba abin da ya kai shi. Amma mun san garinmu da bakin mutane. Mace ta riƙa shiga otal kullum da safe ta fito da yamma, wani zai gani ya kai labari ba yadda yake ba, kuma wasu falukan da yamma mashaya suke komawa. Idan za ki zaɓe shi, ki nemi wanda gidan abincinsa ke da ƙofa daban ta waje, maigida ko iyaye su san wurin, in da hali ku tafi ku biyu da wata mai irin aikinki. Idan zuciyarki ba ta kwanta ba, ki bar shi, ba za ki iya aiki a inda kike waige-waige ba.

Sallah ma ki sa ta a ma'auni, don yinin aiki zai ci Azahar da La'asar. Ki duba ko akwai wurin alwala mai tsabta da kusurwar da za ki shimfiɗa darduma. Ofisoshin haya da manyan kantuna irin Jabi Lake Mall sun fi sauƙi a nan, gidan abinci kuwa sai kin roƙi alfarma. Kada ki bar kwamfuta a tebur ki tafi, ko da maƙwabcin ya ce zai duba miki. Ki sa ta a jaka ki tafi da ita, littafi ko kwalbar ruwa sun isa su riƙe miki kujera. A watan azumi lissafin gidan abinci ya rushe, tunda ba za ki sayi komai ba, zama kuma ba saye nauyi ne. A wannan watan ofishin haya ko gida ne mafita.

Gwarimpa ita ce tsaka-tsakin da mutanen Kubwa kan manta da ita. Tana kan hanya ɗaya, kafin a shiga tsakiyar gari, kuma manyan titunanta kamar 1st Avenue da 3rd Avenue cike suke da wuraren ci da sha, an fi samun masu zama da kwamfuta a can fiye da Kubwa. Idan kin fita bayan ƙarfe goma, kin dawo kafin huɗu, kin kauce wa mafi munin cunkoson. Ofishin haya ma a can ya fi sauƙin samuwa. Kafin ki biya na wata, ki biya na yini ɗaya ki gani, ki tambayi lokacin rufewa, ko ɗakin taro na cikin kuɗin ko daban ake biya, da kuma ko mutum nawa ke kan intanet ɗin.

Ga yadda zan raba makon da ni ce. Ranakun da babu taro, gidan abinci mafi kusa da gida wanda sabis ke da ƙarfi a cikinsa, daga safe zuwa Azahar, da datarki. Ki gaisa da manaja tun ranar farko ki gaya masa abin da ya kawo ki, ki sayi wani abu da shigarki, ki ƙara idan zaman ya yi tsawo, ki ɗauki ƙaramin tebur, ki yi wa masu hidima ɗan ihsani. Wanda aka saba da shi ake nuna wa soket mai kyau, shi ake rage wa ƙarar talabijin. Ranakun taro kuma ki tara su a kwana ɗaya ko biyu in kamfanin zai yarda, ki kama kujera a ofishin haya a Gwarimpa. Wuse 2 ki bar ta sai ranar da za ki gana da wani ido da ido. A jakarki kada a rasa abin kunne mai makirfo, doguwar wayar soket, da adafta mai baki uku. Idan kuma kin hau wayifan jama'a, kada ki buɗe asusun banki a kansa, aikin kamfani kuma ki bi ta VPN ɗin da suka ba ki, wato manhajar da ke kare bayananki a intanet.