Loop Engage 2 da Quiet 2: wanne ya dace da mai saurin firgita?

Mai saurin firgita, wanda faɗuwar murfin tukunya ke sa shi zabura, ko a dafa kafaɗarsa ta baya gabansa ya yanke ya faɗi, yakan nemi matoshin kunne mafi ƙarfi a kasuwa. A ganinmu kuskure ne. Cikin waɗannan matosai biyu na Loop, kamfanin birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam da aka kafa a 2016, mun fifita mai ƙarancin toshewar, wato Engage 2, in dai da rana za a sa shi a cikin mutane.

Engage 2 ɗan zobe ne na roba mai tauri, da hanyar da sauti ke bi a cikinsa, da 'yar rariya mai rage kaifin sautin kafin ya shiga kunne. A bakinsa ake cusa kan silikon mai laushi, kuma kwalin na zuwa da girma huɗu: XS, S, M da L. Kamfanin ya rubuta cewa yana rage desibel 16 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) a ma'aunin SNR na Turai, wanda ke nuna yawan ƙarar da matoshi ke ragewa. Quiet 2 kuwa silikon ne gaba ɗayansa, babu hanyar sauti, yana rage desibel 24. Na soso mai ruwan lemo da ma'aikatan masana'anta ke sawa, irin 3M 1100, ya haura 30.

Firgita ba daga tunani take tasowa ba. Ƙarar da ta zo kwatsam, musamman in ta haura desibel 80, tana bi ta jijiyar ji zuwa gindin ƙwaƙwalwa, daga can saƙo ya sauka ga tsokar ido da wuya da kafaɗu. Ido yakan ƙifta cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan, tun mutum bai gane mene ne ya faɗi ba. Shi ya sa cewa "ka riƙa dakewa mana" ba ya amfanar kowa, sai dai ya ƙara wa mai abin kunya. Abubuwa biyu ne ke sassauta firgita: ƙarar ta ragu, ko kuma a samu gargaɗi. Masu bincike sun daɗe da tabbatar da cewa idan ɗan ƙaramin sauti ya riga babbar ƙara da ƙasa da rabin sakan, zaburar takan yi sauƙi. Haka ma in mutum ya san wani abu na tafe.

A nan Quiet 2 ke cutar da mai shi ba tare da ya sani ba. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Takun silifa a tsakar gida, motsin labule, juya mariƙin ƙofa, duk sun yi ƙasa da haka nesa. Ka rage 24, ka share su. Ƙofa za ta buga ka ji ta da taushi, gaskiya ne, amma wanda ya shigo ɗakin ba za ka san da shi ba sai hannunsa ya sauka a kafaɗarka. An rage firgitar ƙara, an ƙara ta taɓawa, kuma ga mutane da yawa ta biyun ta fi muni, don da ita ake kai wa na kusa mangari ko a saki kofin shayi. Engage 2 yana barin murya da sallama su wuce, yana dakushe ƙara mai kaifi: cokali a faranti, ihun yara, hon ɗin adaidaita sahu, buga ƙyauren ƙarfe. A ce ƙara ta kai 95, in matoshin ya zauna daidai za ta iso kusan 80. Ragin desibel 10 kunne na jin sa kamar an raba ƙarfin sauti biyu, don haka 16 ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai lambar kan kwali ta ɗakin gwaji ce. A kunnen mai amfani yawanci ragin bai kai haka ba, kuma babban dalili shi ne girman kan silikon. A fara da M. A miƙa hannun hagu ta bayan kai a ja saman kunnen dama sama da baya, ramin zai miƙe. A tura kan a hankali, a ɗan murɗa har zoben ya kwanta cikin kwarmin kunne, kada ya tsaya a tsaye yana leƙowa. Sai a gwada: a rufe baki a yi gunji, in an ji muryar ta yi kauri a tsakiyar kai, ya toshe. In ta karkata gefe ɗaya, ɗaya kunnen na yoyon iska. In yana zamewa lokacin tauna ko hamma, kan ya yi ƙarami. In ya fara zafi bayan rabin awa, ya yi girma. Ba abin mamaki ba ne kunnen dama ya ɗauki M na hagu ya ɗauki S, kada a tilasta musu girma ɗaya.

Aibin Engage 2 na farko shi ne muryar mai shi. Duk abin da ya toshe kunne yana sa mutum ya ji muryarsa da taunarsa da takunsa suna amo a ka. Engage ya rage wannan fiye da Quiet, bai kawar da shi ba. Sabon shiga yakan sauke murya don yana jin kamar ihu yake, sai abokin hira ya yi ta cewa "na'am?" Cin abinci mai ƙaras-ƙaras da shi ba daɗi. Na biyu, ba ya iya sauti mai kauri: rugugin janareta, tsawa, da bindigogin hawan Sallah suna ratsawa, wasu ma ta ƙashin kai suke bi. Wanda zai tsaya kusa da 'yan bindiga ya nemi na soso ko irin mai rufe kunne duka. Na uku, rariyar ba ta son datti. Dauɗar kunne da ƙurar hunturu suna liƙe ta, sai sauti ya dusashe a gefe ɗaya. A cire kan silikon a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bari ya bushe sarai. Zoben kuwa shafa kawai ake yi da tsumma mai laima, ba a jiƙa shi. A cire kafin alwala, a bar kunne ya bushe kafin a mayar, domin danshin da aka kulle a ciki yana jawo ƙaiƙayi da ciwon kunne. Ƙarƙashin hijabi ba a ganinsa, amma gogar yadi a kan zoben tana ba da ƙaras a kunne in ɗaurin ya matse.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu sawa tun safe har dare. Kunnen da aka hana sauti, ƙwaƙwalwa takan ƙara masa ƙarfin ji. A binciken da masanin ji Craig Formby da abokan aikinsa suka wallafa a 2003, mutane masu lafiyar ji da suka yi mako biyu da matoshi a kunne sun koma jin sautin da suka saba da shi ya fi ƙarfi. A sa shi don kasuwa, tasha, gidan biki, ko sa'ar da yara suka taso daga makaranta, a cire da an samu wuri mai natsuwa. Kada a sa ana tuƙi ko kan babur, kada kuma mai kunne mai zubar ruwa ya sa.

Firgitar taɓawa ba kunne ke maganinta ba, tsarin gida ne. A juya kujera bayanta ya jingina da bango, fuska na kallon ƙofa. Inda ba hali, a ajiye ƙaramin madubi a tebur ko kan keken ɗinki. Mutanen gida su yi sallama ko su kira suna tun daga bakin ƙofa, su zo ta gaba, kuma in za su tashi mai firgitar daga barci murya za su yi amfani da ita. A hana yara wasan ɓuya su ce "wa!", ba wasa ba ne a wurinsa. Goro, kofi, shayi mai kauri da ƙarancin barci duk suna ƙara abin.

In firgitar ta fara ne bayan hari, hatsarin mota ko garkuwa, tana tafe da mugayen mafarkai da rashin barci, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma ana samun sauƙi. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato. In sautin yau da kullum ne ke sa kunne zafi, a je a auna ji, kamar a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Jaririn da ke sandarewa in an taɓa hancinsa ko ya ji ƙara, a gaggauta kai shi asibiti, don akwai wata cutar gado da ba a cika samu ba mai wannan alama, kuma tana iya tsayar masa da numfashi.

Quiet 2 ya dace da barci, a ɗakin da aka kulle ƙofa, kuma ya fi arha. Engage 2 kuɗinsa zai sayi na soso gommai, ga jabu sun yi yawa a intanet. Engage 2 ɗin da kwalinsa bai zo da girma huɗu ba, ko ba a ga rariya a bakinsa in an cire kan silikon ba, kada a biya.