Faifan Exodus na Bob Marley: tsakanin fitowar 1990 da ta 2001

An naɗi faifan Exodus a birnin Landan, bayan harbin da aka yi wa Bob Marley a gidansa da ke Kingston a watan Disamba na 1976, kuma kamfanin Island ya fitar da shi a watan Yuni na 1977. Tun daga lokacin an sake tace sautinsa fiye da sau ɗaya, amma biyu ne suka fi yawo a hannun masu saye: CD ɗin kamfanin Tuff Gong na 1990 wanda Barry Diament ya tace, da na 2001 wanda ya bi ta hannun Ted Jensen.

Duk mai son gwada su sai ya fara daidaita ƙarfin sautinsu, domin kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, kuma na 2001 ya fi ƙara. Idan aka daidaita, bambancin gaskiya yake bayyana.

Na 2001 ya fi haske. Muryoyin 'yan amshi, wato Rita Marley da Marcia Griffiths da Judy Mowatt, suna fitowa tangaran, jitar Junior Marvin kuma ta matso gaba, abin da zai yi wa mai sauraro a mota ko a ƙaramar lasifika daɗi ƙwarai. Sai dai reggae kiɗa ne da aka gina a kan jitar bes (mai kaurin sauti) da ganga, kuma a nan ne na 1990 ya fi shiga raina. A waƙar farko, "Natural Mystic", sautin yana tasowa ne a hankali daga shiru, bes ɗin Aston Barrett yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan kafin gangar ƙanensa Carlton ta zauna daram a kansa. A fitowar 1990 tazarar da ke tsakanin wurin da kiɗan ya yi sanyi da wurin da ya tashi tana nan da faɗinta, har mutum ya ji nauyin kowane bugu a ƙirjinsa. A ta 2001 an ɗan matse wannan tazarar, bes ɗin ya ƙara kauri amma ya rage numfashi, kuma idan aka daɗe ana sauraro da ƙarfi kunne yakan fara gajiya.

Matsewar ba ta kai ta wasu faifan rock na wancan zamani ba, lokacin da kamfanoni ke rige-rigen ƙara ƙarfin sauti, saboda haka ba zan ce an ɓata aikin ba. Wanda ya san Exodus ta kaset ɗin da aka kwafa daga wani kaset zai ji abubuwa da yawa a karon farko a kowanne daga cikinsu. Amma mai lasifika masu kyau a ɗaki, wanda zai zauna ya saurari faifan daga farko har ƙarshe, ina ba shi shawara ya nemi na 1990, ko da na hannu ne.