Likita mai neman ƙwarewa: Ingila ko Najeriya?

A Ingila, likitan da ya fara aiki a asibitocin hukumar lafiya ta gwamnati (NHS) yana karɓar sama da fam 36,000 a shekara tun 2024, kafin a cire haraji. In an canja zuwa naira kuɗi ne masu kauri, sai dai hayar ɗaki a Landan tana cinye kaso mai tsoka. Ƙungiyar likitocin Birtaniya, BMA, ta fara yajin aiki a 2023, tana cewa tsadar rayuwa ta zaizaye albashin tun 2008.

A Najeriya tsarin albashin likitocin gwamnati mai suna CONMESS ake bi. Koken ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta ƙasa (NARD) ya wuce ƙarancin albashi: ga bashin alawus, ga jinkirin kuɗin horo, ga kwanan asibiti saboda abokan aiki sun fice waje. A ganina nan aka fi cutar likita, don ko ɗan abin da aka yi alkawari sai an yi yaji yake fitowa.