Defender ko antibairos na kwali?

Malam, kan tambayarka a gurup cewa antibairos na kwali da ka saya ya ƙi shiga laftof ɗinka, ko ka sayi na wani kamfanin, in ta ni ce ka mayar wa mai shagon nan kwalinsa ya ba ka kuɗinka in har zai bayar, ka zauna da Defender, wato antibairos ɗin Microsoft da ya zo cikin Windows. Tunda kace laftof ɗin na gida ne, kai da madam da yara, kuma Windows 10 ne a kai, ba ka da buƙatar na kwali, balle har ka ƙara sayen wani kamfanin saboda wancan yana zuwa rabi ya tsaya ya koma baya. Abun da ya hana wancan shiga shi zai hana sabon ma shiga, kuɗinka kawai za ka ƙara zubarwa.

Ni laftof ɗin gidana tokunbo ne, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, RAM 4GB, ya sha jiki har harafin E ya goge a kan madannin, kuma babu komai a kansa sai Defender. Akwai ranar da babbar 'yata ta ɗau filash ɗina ba ta tambaye ni ba, ta kai wani shagon firintin nan Agege a fitar mata da aikin makaranta, filash ɗin da lissafin buhunan albasar da muke saukewa a Mile 12 yake ciki gaba ɗaya, wanda ya biya da wanda ake bi. Da dare na soka shi na buɗe sai naga foldoji duk sun koma masu 'yar kibiya a ƙasa, wato bairos ɗin shotkot kenan da duk wanda ya taɓa firintin a Legas ya san shi, gabana ya faɗi wallahi. Kafin in taɓa komai sai ga saƙo ya ɓullo can ƙasa ta hannun dama wai an samu barazana an killace ta, na shiga Protection history naga sunan abun a rubuce da inda ya ɓuya. Fayilolin ba su goge ba, dama wannan bairos ɗin ɓoye su yake yi ya ajiye na bogi a madadinsu don ka danna ya shige cikin kwamfuta. Na buɗe cmd, wato baƙin shafin da ake rubuta wa Windows umarni, na rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* tunda E shine harafin filash ɗin a nawa, sai ga lissafina ya dawo ko layi ɗaya bai ɓata ba. Yarinyar tana tsaye bakin ƙofa tana jiran faɗa, ƙarshe dariya muka yi. Ko kwabo ban biya ba, kuma laftof ɗin bai yi nauyi ba, bai dame ni da tallan in sayi wani abu ba.

Kuma ba wai son rai na bane kawai. Tun daga Windows 8 a 2012 Defender ya zama cikakken antibairos, kuma AV-TEST na ƙasar Jamus masu gwada waɗannan manhajoji suna ba shi maki kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi a shekarun nan. Rauninsa ɗaya da zan faɗa maka tsakani da Allah, yana son intanet, in laftof ya yi wata da watanni bai ga data ba ƙarfinsa na raguwa sosai. Don haka ko sau ɗaya a sati ka kunna masa hotsifot, ka shiga Windows Security, Virus & threat protection, ka danna Check for updates, ba wata data mai yawa yake ci ba.

Na kwali kuwa, toh, yana aiki, ba zan masa sharri ba. Kaspersky, Bitdefender, ESET, Norton duk na gaske ne in ka samu orijinal, suna da ƙarin abubuwa irin su VPN da kulle wa yara shafuka, sai dai duk shekara sai ka sake biya. Wanda na taɓa saya ba zan kira suna ba, kwalin yana nan saman wadirof ƙura na cinsa.

Na kyauta irin Avast da AVG ma kar wani ya ruɗe ka wai ka zaɓi ɗaya a ciki, kamfani ɗaya ne tun 2016 da Avast ta saye AVG, kuma a 2024 hukumar FTC ta Amurka ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga. Smadav da injiniyoyin nan ke son saka wa kowa, ɗan Indonesiya ne, an yi shi ne don filash, yana zama tare da Defender ba faɗa amma shi kaɗai ba ya isa.

Yanzu maganar ƙin shigar. Mafi yawan lokaci wani tsohon antibairos ne ke kwance a ciki. Laftof da yawa suna zuwa da McAfee ko Norton na gwaji tun daga kamfani, wa'adinsa ya ƙare ba wanda ya cire, ko kuma wanda ya riƙe laftof ɗin kafin kai ya saka nasa, injiniya ya zo ya goge alamar daga kan sikirin kawai yace ya cire. Antibairos biyu a kwamfuta ɗaya kamar masu gadi biyu ne a get ɗaya ba a gabatar da su ga juna ba, kowa ɗayan yake wa kallon ɓarawo, shi yasa sabon yana fara ajiye direbobinsa tsohon sai ya tare shi, instol ya koma baya. Ka danna madannin Windows da R tare, ka rubuta appwiz.cpl, ka bi jerin da ido a hankali, duk abun da ka gani mai suna antivirus ko security ko protection wanda ba na Microsoft ba ka cire shi ka yi ristat. Kar ka tsallake ristat ɗin nan dan Allah, mutane da yawa a nan suke faɗuwa. Kuma cirewar nan ba ta share komai, guntaye na saura, shi yasa kowane kamfani yake da nasa abun sharewa a shafinsa: McAfee suna da MCPR, Norton suna da Remove and Reinstall, Avast suna da Avast Clear, Kaspersky suna da kavremover. Ka ɗauko daga shafin kamfanin kai tsaye, ba daga waɗannan shafukan masu koren maɓallin daunlod guda biyar ba. Shi kansa wanda ya ƙi shigar ma ka bi shi da abun sharewarsa, don rabin shigar da ya yi ya isa ya sa Windows ya ɗauka akwai wani mai tsaro, sai Defender ya koma gefe ya yi shiru, ka zauna ba wan ba ƙanen. Haka aka tsara shi, in ya ga wani ya shigo yana kashe kansa, in an cire wancan tsaf sai ya dawo da kansa.

Na biyu ka kalli agogon laftof ɗin. Abun dariya ne amma tokunbo da yawa ƙaramin batirin cikin bod ya mutu, da zarar NEPA sun ɗauke kuma babban batir ya ƙare sai kwanan wata ya koma shekarun baya, toh in kwanan wata ba daidai ba kwamfuta ba za ta yarda da satifiket ɗin shafin kamfanin ba, daunlod ya ƙi, lambar lasisi ta ƙi. Ka gyara, ka kunna Set time automatically.

Sai netwok. Fayil ɗin da ka ɗauko in ƙarami ne na 'yan megabait, ba shine antibairos ɗin ba, ɗan aike ne da zai jawo sauran daga intanet yana cikin instol, netwok na yankewa ya tsaya cak. Faifan cikin kwali kuma sau tari tsohon yayi ne da ya daɗe a shago. Akwai kuma S mode, ka duba Settings, System, About, in ka ga an rubuta in S mode toh wannan Windows ɗin ba ya karɓar komai sai daga Microsoft Store, fita daga ciki kyauta ne amma ba a komawa. Ka duba sarari a C ma, wato ma'ajiyar da Windows ke zaune a ciki, ka yi instol da Run as administrator, waɗannan ba sai na ja ba.

Wanda ya fi damuna shine in bairos ya riga ya shiga, don akwai masu hana antibairos shiga da gangan, alamarsa za ka ga shafukan kamfanonin tsaro kaɗai ke ƙin buɗewa alhali YouTube na tafiya lafiya lau, ko Task Manager ya buɗe ya rufe kansa. Nan ma Defender ne zai fitar da kai. A Scan options akwai Microsoft Defender Offline scan, zai kashe laftof ɗin ya tashe shi a wajen Windows ya yi bincike tun bairos ɗin bai farka ba, wajen minti 15 yake ɗauka, ka tabbata akwai caji ko jen na kunne. Bayan nan in kana son ƙarin ido ka sa Malwarebytes na kyauta ya zaga sau ɗaya.

In kuma ka buɗe Windows Security ka ga fari fat, ko ya ce maka wata organization ce ke kula da tsaron alhali kai ba ka da wata organization sai iyalinka, toh hannun injiniya ne. Masu saka Windows da Office na sata sai sun kashe Defender tukuna, don yana kama abun da suke fasa lasisin da shi, wasu su sa folda gaba ɗaya cikin Exclusions don kar ya leƙa, wasu ma Windows ɗin da aka yanke wa Defender gaba ɗaya suke sakawa wai ya fi sauri. Ka shiga Manage settings ka gangara Exclusions, in ka ga C ɗin gaba ɗaya a ciki ko wata folda da ba ka sani ba ka cire, ka kunna Tamper Protection. In an yanke shi ne baki ɗaya ba gyara sai ka kwashe fayilolinka a sake saka Windows mai tsafta daga shafin Microsoft.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hattara da masu sayar da lasisin nan. A Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, akwai mutanen kirki masu shago da rasit, amma yaran da ke tare mutum tun daga ƙarƙashin gadar Ikeja har cikin Otigba, oga me kake nema oga zo ka gani, yawancinsu ba su da shago, kamasho suke ci a kanka. Dabarun sanannu ne. Lasisi ɗaya na kwamfuta uku ko biyar sai a sayar wa mutum goma, na farko su samu ya yi, na ƙarshe ya ce musu an kai iyaka. Ko a kawo lambar da aka yi don wata ƙasa, Kaspersky misali lambobinsa na da yanki, ta wani yankin ba za ta kunnu a nan ba. Ko a saka maka na gwajin kwana 30 a karɓi kuɗin shekara, kafin ya ƙare mutumin ya canza layi. Duk wanda yace maka laiftaim ne ba ya ƙarewa har abada kuma da arha, ka kama gabanka, manyan kamfanonin nan shekara-shekara suke sayarwa, abun da zai saka maka fasasshe ne kuma sau da yawa bairos ɗin a cikinsa yake zuwa, an sayar da kare an sayi biri. In dole sai ka saya, a kunna a gabanka da imel ɗinka ba nasa ba, ka ga kwanakin da suka rage da idonka sun kai 365, sannan ka yi tiransifa. Kuma kar ka bari a shige da laftof ɗinka ciki wai za a saka a dawo, ka ɗau hoton RAM da hadis (hard disk) ɗinka a waya tun daga gida, an sha ba mutane nasu da ƙaramin RAM su tafi ba su sani ba sai laftof ya fara rarrafe.

Haka saƙon nan da ke faɗowa ta gefe da tambarin McAfee ko Norton wai kwamfutarka na da bairos biyar danna nan, in ba ka da su a laftof toh ba daga su bane, wani shafi ne yara suka danna wa Allow. A Chrome ka shiga Site settings, Notifications, ka toshe shi.

Inda kawai zan ce a nemi na waje shine mai Windows 7, don Defender na cikin 7 ba cikakke bane, kuma Microsoft ta daina kula da 7 tun Janairun 2020. Kai ma mai 10 ka sani tallafinsa ya ƙare 14 ga Oktoba 2025 sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi na ESU, Defender dai na ci gaba da samun afdet amma ramukan Windows ɗin kansa babu antibairos ɗin da zai toshe su komai tsadarsa. In laftof ɗin zai ɗau Windows 11, wato mai firosesan Intel ƙarni na takwas zuwa sama da ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, ka hau kawai kyauta ne, kuɗin kwalin kuma ka ƙara RAM da shi ko ka sayi hadis na waje ka riƙa ajiye hotuna da takardu.

Ka fara da appwiz.cpl ɗin nan yau da dare, ka ɗauko hoton jerin da hoton shafin farko na Windows Security ka turo gurup mu gani ko alamomin sun koma kore.