Romon hamburger steak: fulawa ko konfulawa?

Shi hamburger steak ɗin Amurka ai niƙaƙƙen naman shanu ne da albasa da ɗan garin burodi, a mulmula a soya, amma wallahi romon da ake zuba masa shi ne komai, nan ake samun saɓani.

Ni dai fulawa nake so. Bayan kin kwashe naman kar ki wanke kaskon nan, ki zuba albasa ta yi laushi a cikin man, fulawa cokali 2 ki juya minti 2 zuwa 3 har ta yi ruwan ƙasa warin ɗanyenta ya fita, sannan ruwan nama kaɗan-kaɗan kina juyawa kada ta yi gudaji, ki mayar da naman ya ƙarasa dahuwa a ciki. Ɗanɗanon daban ne, kuma ko gobe kika ɗumama yana nan da kaurinsa.

Konfulawa kuwa sauri gare ta, cokali 1 ya isa, ki dama da ruwan sanyi ki zuba a ƙarshe, minti 1 ya haɗu yana ƙyalli. Sai dai ba ta ƙara ɗanɗano, in ya daɗe a wuta ma tsinkewa yake. Ranar da na dawo a gajiye yara na jiran shinkafa, ita nake ɗauka.