Sharhi kan aikin mayar da bakum a wutar Datsun 180B mai kafireta biyu na Weber

Duk wanda ya ɗora wa tsohuwar motarsa kafireta ta gefe, wato wadda ke kwance tana shaƙar iska ta haƙarƙarin inji maimakon ta sama, ya san shawarar da ake fara ba shi a gareji: a zare tiyon bakum (wato zuƙar iskar da inji ke yi) na distiributa, na'urar da ke raba wa fulogai wuta, a toshe kafar, a bar ƙarafunan da ke juyawa a cikin distiributa su riƙa tafiyar da taimin, wato lokacin ba fulogi wuta, su kaɗai. A haka na sayi Datsun 180B ɗina, ƙirar 1975 mai injin L18, wadda tsohon mai ita ya sanya wa Weber 40 DCOE guda biyu. Daga baya na raba ta da kwantak, wato ƙarafunan da ke buɗewa da rufewa don ba da wuta, na sa mata distiributa ta lantarki da aka ciro daga injin L20B na ƙarshen shekarun 1970, wadda ta zo da gwangwanin bakum ɗinta a jiki amma ba a haɗa shi da komai ba. Wannan sharhi a kan aikin haɗa gwangwanin ne, wanda wani dattijon bakanike ya yi mini a nan Gombe, kuma ra'ayina shi ne aikin ya cancanci kuɗinsa ga motar da ake hawa a titi, muddin an yi shi yadda ya kamata.

Wutar lantarki ta magance wahalar tashi da safe da yawan gyaran kwantak, amma ba ta taɓa abin da ya fi damuna ba, wato shan mai da zafin inji a doguwar tafiya. Dalilin yana cikin yadda fetur ke ƙonewa. Idan direba ya ɗan taɓa totur kawai yana tafiya a miƙe, cakudar mai da iska da ke shiga silinda kaɗan ce, ba ta matsu sosai ba, saboda haka tana ci a hankali, kuma tana buƙatar fulogi ya ba da wuta da wuri. Ƙarafunan cikin distiributa kuwa saurin juyawar inji kaɗai suka sani, ba su san nauyin da ke kansa ba. Ko kana lallaɓawa a shimfiɗaɗɗen titi tsakanin Gombe da Alkaleri, ko ka take totur kana wuce tirela a hawa, in dai inji na juyi 3,000 a minti, lokacin wuta ɗaya za su ba ka. An saita wannan lokaci ne domin cikakken totur, don haka a tafiyar lallaɓawa wutar takan makara, man ya ƙarasa ci bayan fistin ya yi nisa da sauka, zafin da ya kamata ya tura mota ya tafi salansa da lagireto. Gwangwanin bakum shi ne ke jin zuƙar da inji ke yi idan totur na kusa da rufe, ya ƙara gaggauta wutar, sannan ya sake ta da zarar an take.

Abin da ya sa ake toshe shi a kan irin wannan kafireta ba rashin tunani ba ne. A kafireta ɗaya ta sama, silinda huɗu suna zuƙa daga manifol guda, wato bututun da ke kai musu mai da iska daga kafireta, zuƙar ta zama mai ɗorewa. A kan DCOE biyu kuwa kowace silinda da maƙogwaronta, kuma tana zuƙa sau ɗaya ne kawai a juyi biyu na inji, saboda haka in aka ɗauki bakum daga maƙogwaro ɗaya, bugu-bugu ake samu. Bakaniken ya nuna mini wannan da idona kafin ya taɓa komai: ya haɗa agogon awon bakum a silinda ta huɗu, allurar ta riƙa kaɗawa har ba a iya karanta ta, sannan ya haska fitilar taimin a kan fulin inji, alamar ta riƙa tsalle gaba da baya. Ya ce mini, "Alhaji, wanda ya haɗa maka a haka, gara wanda ya toshe." Wannan magana ce ta sa na amince masa da motar.

Hanyar da ya bi ita ce ya sauke manifol ɗin biyu, ya huda kowane maƙogwaro tsakanin faifan totur da kan inji, ya yi musu zare ya ɗaura ƙananan bututun tagulla guda huɗu. Daga nan ya ja tiyo huɗu masu tsawo ɗaya zuwa wani ɗan tanki na alminiyam da bai kai gwangwanin madara ba, ya ɗaure shi a bangon da ya raba inji da cikin mota, sannan tiyo guda ya fita daga tankin zuwa distiributa. Inda na ga ƙwarewarsa shi ne ƙanƙantar ramukan: bai bari sun wuce kusan milimita 1 ba, domin in suka yi faɗi, silinda ɗaya za ta riƙa jan iska daga maƙwabciyarta ta cikin tiyon, silo ya lalace, daidaita kafireta kuma ya gagara. Bayan haɗawa allurar agogon ta tsaya cik, sai ɗan rawar da ba a rasa ba.

Saitin taimin ya fi hudar ɗaukar lokaci. Da tiyon a zare, ya tsayar da wuta a digiri 12 kafin fistin ya kai ƙololuwa a silo, jimilla kuma, da ƙarin da ƙarafunan distiributa ke yi, ta kai 33 idan inji ya haura juyi 3,000. Gwangwanin a yadda ya zo yana ƙara fiye da abin da wannan inji ke so, sai ya sa masa ɗan ƙarfen da ke tsayar da sandarsa a digiri 10, ta yadda a tafiyar lallaɓawa jimillar ba ta wuce 43 ba. Da yake bakum ɗin daga bayan faifan totur aka ɗauko shi, yana aiki har a silo, don haka inji ya ɗaga murya nan take, aka sassauta sukurin silo, aka sake daidaita kafiretocin biyu da ma'aunin iska. Ina jan hankalin masu irin wannan mota a kan wannan gaɓa, domin zuƙar da ake samu daga maƙogwaro huɗu masu zaman kansu takan gaza ta manifol guda, kuma in sifirin ɗin gwangwanin ya fi ƙarfinta, sandar za ta riƙa shiga tana fita, silo ya riƙa hawa da sauka.

Sakamakon da na fi lura da shi shi ne zafi. A watan Afrilu, lokacin da rana a Gombe ke kaiwa digiri 40, allurar zafi takan haura tsakiya idan na tsaya a cunkoson Tashar Dukku. Yanzu tana zama ƙasa da tsakiya, zafin da ke dukan ƙafa daga wajen salansa ma ya ragu. A hanyar Bauchi, mai nisan kilomita 150 da 'yan kai, man da nake sha ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin goma bisa awon da nake yi daga cika tanki zuwa cika tanki, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai kafireta biyu. Fulogai sun daina yin baƙi a zirga-zirgar cikin gari, motar kuma ta fi amsa ɗan taɓin totur a giya ta uku. Ƙarfin gudu dai bai ƙaru ko kaɗan ba, kuma bai kamata kowa ya sa rai ba, tunda a cikakken totur bakum ɗin faɗuwa yake yi, taimin ya koma 33 ɗinsa.

Akwai abubuwa biyu da ban ji daɗinsu ba. Na farko, a hawan da ke kusa da Kaltungo, idan na ɗan ƙara totur a giya ta huɗu ba tare da na sauke giya ba, nakan ji inji ya yi ƙara na ɗan lokaci kamar tsakuwa a gwangwani kafin bakum ya saki. Tankin da ƙananan ramukan da suka kwantar da bugun su ne kuma ke jinkirta sakin, kuma abin ya fi fitowa idan na sha man da ingancinsa bai kai ba. Wannan ƙara ba ta wasa ba ce, domin tana iya cinye kan fistin, saboda haka muka rage gwangwanin zuwa digiri 8, ta ɓace. Na biyu shi ne tiyon da aka fara sawa, baƙar roba ta kasuwa, wadda zafin inji da bushewar hunturu suka tsattsage bakinta, silinda ɗaya ta riƙa shan iskar waje tana tari a silo. Na musanya su duka da tiyon silikon, kuma yanzu duk lokacin da za a wanke matatar iska saboda ƙura, nakan sa a zare tiyon distiributa a zuƙa da baki a ga ko sandar gwangwanin tana motsawa tana kuma riƙewa, domin fatar da ke cikinsa ta haura shekara arba'in, sabuwarta kuwa sai an aika Panteka a Kaduna an nemo.