Shatar Kosta daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi: inda ta biya bukata da inda ta gaza

Motar da ake magana a kanta Toyota Coaster ce, wadda kowa ke kira Kosta, mai shan fetur, daga wani kamfanin sufuri mai zaman kansa a cikin garin Sakkwato. An ɗauke ta shata ta yini guda, da direba da yaron mota, don kai mutum 26 ɗaurin aure Birnin Kebbi ta hanyar Argungu, a dawo a ranar. Cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 da rana. Hukuncina a taƙaice: shata ta fi a rarrabu cikin ƙananan motoci biyar ko shida nesa ba kusa ba, kuma zan sake ɗauka. Sai dai kuɗin da aka yanka maka a waya rabin ciniki ne. Sauran rabin yana cikin abubuwan da ba a faɗa ba, kuma nan ne rigima ke fitowa.

A fara da kujeru, don nan mutane suka fi ruɗuwa. In an ce maka Kosta mai cin mutum 30 ce, an lissafa har da kujerar direba da ƙananan kujerun tsakiya masu naɗewa, guda shida ko bakwai. Waɗannan na tsakiyar majinginarsu gajera ce, kuma da an buɗe su hanya ta toshe, wanda ke baya ba ya fita sai na gabansa sun tashi. Zaman kilomita 150 a kansu wahala ce ga dattijo ko mace mai goyo. Kosta kuma ba ta da but na kirki. Kuloli na abinci, katan-katan na ruwa, tabarmi, jakunkunan mata, duk a kan layin kujerun baya suke ƙarewa, wasu kujerun sun tafi ke nan. Saboda haka mutum 22 zuwa 23 ne ke zama a sake in babu kaya, in akwai kaya kuwa ba su kai haka ba. Mu 26 ne, dole wasu suka zauna a na tsakiya, kuma da an san haka tun farko da an haɗa da ƙaramar mota ɗaya ta ɗauki kayan. Masu kai amarya da gara ko kayan jere kada ma su fara tunanin cusa su a Kosta, su nemi a-kori-kura daban.

Na'urar sanyaya mota ita ce babban abin da ya rage wa wannan shata maki. Da safe, daga Sakkwato har bayan Boɗinga, sanyi na zuwa daidai. Da aka taso dawowa bayan La'asar, motar ta sha rana a tsaye awa huɗu, iskar da ke fitowa daga ramukan saman kujerun baya ba ta da maraba da ta fanka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: iskar gas ɗin na'urar ta yi ƙasa, ƙura ta toshe ragar da ke fitar da zafi, ga numfashin mutum kusan talatin a rufe. Duk wanda zai gwada sanyin mota ya je da tsakar rana, ya sa a tayar da ita minti goma, ya zauna a kujerar ƙarshe, ba kusa da direba ba. Gwajin ƙarfe bakwai na safe ba ya nuna komai. Sannan a roƙi direba ya ajiye motar a inuwa, kuma kafin mutane su shiga a buɗe tagogi na ɗan lokaci zafin da ya taru ya fita.

Wannan zafin shi ne kuma ke gwada injin. Direban da aka ba mu ya san aikinsa a nan: ya duba ruwan lagireto da baƙin mai tun motar na sanyi, ya taɓa fambel ya ji ƙarfinsa, yana da jarkar ruwa a ajiye, kuma idonsa na kan allurar zafi duk tafiyar. In allurar ta fara hawa, abin yi shi ne a kashe na'urar sanyi, a sami gefe a tsaya. Ba a buɗe murfin lagireto da zafinsa, tafasasshen ruwan da zai yi tsartuwa yana saɓule fatar hannu da fuska.

Sai batun mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, shata iri biyu ce: wadda aka haɗa da mai a cikin kuɗin, da wadda mai motar zai ba ka mota da direba kai ka zuba mai. Ta biyun ta fi sauƙi a baki, amma tana da tarko in ba a yi ƙa'ida ba. Tsarin da ya fi adalci shi ne a cika tanki a gabanka a gidan mai ranar tafiya, a kan kuɗin mai motar, in an dawo kai ka sake cikawa. Abin da aka ƙona shi ka biya, babu gardamar inda allura take. A wannan tafiya, zuwa da dawowa da ɗan zagayen cikin Birnin Kebbi, abin ya tasam ma kilomita 330, man kuma ya ɗan haura lita 60 da na'urar sanyi a kunne. A tambaya tun farko ko motar fetur take sha ko gas, wato dizal, don farashinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba kowane gidan mai na hanya ke da gas ba.

Inda kamfanin ya yi sakaci shi ne bai fayyace ma'anar "yini guda" ba. A wurinsu yini na ƙarewa da Magariba, duk awar da ta biyo baya da kuɗinta. A wurin masu biki kuwa yini sai an dawo gida. Ɗaurin aure ba ya bin agogo, ana jiran liman, ana jiran waliyyi, a ci abinci, a yi gaishe-gaishe. Wannan magana a kan takarda ya kamata ta kasance, ko da saƙon waya ne: ƙarfe nawa mota za ta iso, ina za a ɗauki mutane, wuri ɗaya ne ko za a bi unguwa-unguwa daga Mabera zuwa Runjin Sambo zuwa Arkilla, ƙarfe nawa shata ta ƙare, nawa ne kuɗin kowace awa ta ƙari, wa zai ciyar da direba da yaronsa, in kwana ya kama wa zai biya masauki. A rubuta lambar motar da aka gani ma, don yakan faru a nuna maka mai kyau, ranar tafiya a turo wata. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi, cikon sai an sauke mutane. Abu na ƙarshe da ya kamata a ji daga bakin mai mota: in ta lalace a hanya, zai turo wata, ko zai mayar da wani abu daga kuɗin?

Ni dai ban yarda da tafiyar dare da jama'a ba, kuma direba mai hankali ba zai so ta ba. A lokacin tafiyarmu hanyar Kebbi da sauƙi, amma mai shirin zuwa gabashin jihar, wajen Goronyo, Isa ko Sabon Birni, ko hanyar Gusau, ya tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a safiyar ranar, ya tsara tafiyarsa ta ƙare da rana tsaka. Kada a ji haushi in kuɗin shatar can ya fi tsada, ko mai mota ya ce ba zai je ba.

Tayoyi sun cancanci minti biyar na mai shata. Kosta na da taya shida, biyu gaba, huɗu baya, kuma ta ciki a baya ita ce maɓoyar sudaddiyar taya, sai an durƙusa ake ganin ta. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na lokacin da aka ƙera ta: 3521 na nufin mako na 35 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, na gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma kwaltar Afrilu ba ta raga wa tsohuwar taya. Na wannan mota na gaba sababbi ne, na baya sun ɗan ci ƙasa amma da sauransu. Safaya na da iska, jak da sifanar taya na nan, akwai abin kashe gobara. Takardun mota, inshora da lasin direba duk da ransu, shi ya sa ba a ɓata lokaci a shingayen bincike ba. An kuma rubuta sunayen fasinjoji da lambar wayar wani nasu kafin a tashi, wanda da yawa ba sa yi a shata.

Tuƙin direban ya kwantar da hankali. Bai wuce gudun kilomita 90 ba, bai amsa waya yana tuƙi ba, ya tsaya sallah ba tare da an roƙe shi ba, kuma yana jiran dattawa su zauna kafin ya ja. Shawara ɗaya: a naɗa mutum ɗaya da zai riƙa magana da direba. In kowa na cewa "Malam direba, tsaya nan", ba a isa da wuri.

In mutanenku ba su wuce 14 ba, Kosta asarar kuɗi ce, ƙaramar bas Hiace ta wadatar, kuma ana samun ta cikin sauƙi a babbar tashar mota ta hannun 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW. Ta tasha ta fi araha, ladan ɗan kamasho na cikin kuɗin, sai dai da wuya ka sami mai na'urar sanyi da ke aiki. Kosta kuwa ba su da yawa a gari, a ƙarshen mako na lokacin bukukuwa, musamman makonnin da ke gaban azumi da bayan Sallah, sai an kama da mako biyu kafin ranar.